A Kobe, mai kakkaurar murya ma yana da tasa waƙar

Ruwan sama ne ya kora mu. Mun taso daga Osaka a jirgin ƙasa, tafiyar da ba ta kai minti 30 ba, da niyyar mu hau dutsen Rokko mu hango teku da tashar jiragen ruwan Kobe daga sama. Muna fitowa daga tashar Sannomiya hadari ya haɗu, dutsen ya ɓace a cikin hazo. Ɗalibar jami'ar da ke mana tafinta ta dubi sama, ta dube mu, ta ce tunda haka ne sai mu je mu ga abin da garin ya ba duniya. Muka zaci gidan tarihi za ta kai mu. Ashe gidan karaoke ne.

Kalmar Japananci ce, an haɗa ta daga "kara", wato fanko, da "oke", guntun sunan ƙungiyar makaɗa. Kiɗa ne da aka cire muryar mawaƙin, kai ka cike gurbin. A nan Kobe wani makaɗi, Daisuke Inoue, yake raka 'yan kasuwa da kiɗa a wuraren shaƙatawa idan sun tashi rera waƙa. A 1971 ya haɗa akwati mai kaset da makirfo da wurin jefa kwabon yen 100, ya rarraba wa shaguna haya. Akwai wanda ya riga shi, Shigeichi Negishi, da ya ƙera irin wannan na'ura a Tokyo a 1967, amma daga Kobe abin ya bazu. Inoue bai yi wa ƙirƙirarsa rajista ba, dukiyar da ta biyo baya ta wuce shi.

Gidan da muka shiga bene ne mai hawa da yawa, kowane hawa ƙananan ɗakuna jere kamar ɗakunan kwanan ɗalibai. Ba dandamali, ba 'yan kallo. Ka biya kuɗin rabin awa ko awa ɗaya, a ba ka lambar ɗaki, ka rufe ƙofa da abokanka. Da rana kuɗin ya fi sauƙi, shi ya sa muka yi ta cin karo da 'yan sakandare sanye da kayan makaranta, kowa da kofin lemo. Har da masu zuwa su kaɗai don su gwada murya ba mai jin su.

Mu huɗu ne, kuma ƙaramin cikinmu, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya zauna can ƙarshen kujera ya ce shi ɗan kallo ne. Mun san dalili. Tun yana aji uku muryarsa ta buɗe ta yi kauri, 'yan ajinsu suka riƙa cewa tambari ya haɗiye, malamin waƙar fareti ya mayar da shi layin baya ya ce ya riƙa motsa baki kawai. Daga ranar bai sake waƙa a gaban mutum ba. Da muka matsa masa ya zaɓi wata waƙar zamani ta wani mai siririyar murya. Baiti na farko ya tafi lafiya. Da aka zo amshi, inda waƙar ke hawa sama, muryar ta tsage, ya ajiye makirfo ya ce, "Ai na gaya muku."

Tafintarmu ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki allon zaɓen waƙa ta nuna masa maɓalli biyu, ɗaya na ɗaga sautin kiɗan, ɗaya na sauke shi. Kowace dannawa rabin mataki ce, 12 su ne cikakken hawa guda. Ta sauke huɗu ta ce ya sake. Wannan karon ya haye amshin, ko da yake da ƙyar.

Ku maza da ke JS3 zuwa SS2, wannan batun naku ne. Lokacin balaga maƙogwaro yana girma, zakaran wuya ya fito, tantanin da ke kaɗawa ya ba da murya ya ƙara tsawo da kauri. Ku dubi garaya: tsirkiya mai kauri da tsawo ita ke ba da amo na ƙasa. Muryar yaro takan sauka kusan cikakken hawa guda, kuma kafin ta zauna takan yi ta tsagewa na wasu watanni, wani ma fiye da shekara. Ba ciwo ba ne. Matsalar ita ce yawancin waƙoƙin da ke wayoyinku, har da na fina-finanmu, a sama ake rera su, sau da yawa ma na'ura ta ƙara gyara su. Mai kwaikwayonsu da kakkaurar murya kamar mai cusa ƙafa ne a takalmin ƙanensa.

Sai muka koma neman waƙoƙin da tun asali masu babbar murya suka rera. Muka fara da Johnny Cash na Amurka. "Ring of Fire" ta 1963 ita ta fi sauƙi: gajera ce, ba ta da hawa mai nisa, kuma ƙahonnin da ke cikinta suna ba ka damar jan numfashi. Muna ba ku shawara ku bar "I Walk the Line" ta 1956 sai kun ƙware, don kowane baiti yana canza mazaunin sauti, shi kansa Cash sai ya yi guna-guni kafin ya kama, baitin ƙarshe kuwa yana can ƙasa sosai. Daga nan "Sixteen Tons", waƙar mahaƙan kwal da Tennessee Ernie Ford ya shahara da ita a 1955. A nan ne abokinmu ya miƙe tsaye. Waƙar kusan magana ce ake yi da ƙyasta yatsa, ƙarshenta ya gangara ƙasa, inda mu ukun muka bi shi muka ƙare da huci kawai, shi kuwa sautin ya fito cak, har teburin gilashi yana rawa.

"Can't Help Falling in Love" ta Elvis Presley, ta 1961, tana tafiya a hankali, sai dai tsakiyarta tana ɗan hawa, a sauke ta biyu idan ta matse. "What a Wonderful World" ta Louis Armstrong, ta 1967, ita ma ta dace, amma kada ku kwaikwayi karcewar muryarsa, za ku tashi da ciwon maƙogwaro. Wanda yake ganin duk waɗannan na kakanni ne, akwai "Shotgun" ta George Ezra, ɗan Ingila, ta 2018. Tafintarmu ta ƙara da tasu: Frank Nagai, wanda Japanawa suka so shi a shekarun 1950 saboda kaurin muryarsa. Ta Hausa kam mun nema ba mu samu ba.

Ta kuma koya mana wata dabara da ta ba mu mamaki. Idan waƙa ta yi sama da yawa, maimakon a yi ta sauke ta har kiɗan ya dagule, sai a ɗaga ta uku ko huɗu, mawaƙin ya rera ta cikakken hawa ɗaya a ƙasa. Ba sai kun je Japan ba, manhajojin karaoke da yawa na waya suna da wannan maɓalli.

Wayar da ke jikin bango ta yi ƙara, alamar saura minti 10 lokacinmu ya cika. Ruwan ya tsaya, ta taga muna hango gefen Rokko ya fara bayyana, muka soma tattara jakunkuna. Abokinmu bai saki makirfo ba. Ya dubi tafinta ya ce, "Yaya, ki ce musu a ƙara mana rabin awa."