Ni Da Tirelar Maigida

Mai karatu, in ka taɓa ganin ungulu tana kewaya sama da rana tsaka ba ta ko kaɗa fiffike, to ka san yadda jirgin shawagi yake tafiya. Wani jirgi ne ke jansa sama da igiya ya sake shi, sai matuƙi ya shiga farautar iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa. Jamusawa sun fara gasarsa a tsaunin Wasserkuppe a 1920, lokacin da aka ɗaure musu hannu kan jirage masu inji bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sa'ad da nake karatu a Jamus, ni ne yaron wani dattijo mai shiga wannan gasa. Aikina jan tirela. Duk inda iska ta yashe shi, can zan bi shi.

Wata rana ta yashe shi a wata gonar alkama mai nisan gaske. Da tocila muka kwance fukafukan, ba mu dawo ba sai biyun dare. Abokin hamayyarsa kuwa, da yake jirginsa na da ɗan inji ɓoye a bayan kujera, tuni ya tayar ya dawo, ya ci ya sha ya kwanta.

Na ce, "Maigida, wannan ai cuta ce ƙiri-ƙiri!"

Ya yi dariya. Ya ce akwai na'urar da ke naɗar ƙarar inji, inda duk ka tayar nan makinka ya tsaya, tamkar ka sauka a gona. Ga nauyi. Ruwan da ake zubawa a fukafukai ana iya tsiyaye shi in iska ta yi sanyi, shi kuwa inji dole ka yi ta dakonsa. Sannan in ka fito da shi ya ƙi tashi, jirgin sauka yake kamar an rataya masa dutse, don haka mai hankali tun yana sama yake haƙura ya tayar, alhali marar inji na can ƙasa yana lalube.

Duk na yarda. Amma fa washegari ni na ga idanun maigida jajur, na ga na wancan garau, kuma gasar mako guda ake yi.

Shekara na zagayowa ya sayi mai inji. Tirela ta koma zaman kashe wando, ni ma haka, kuma wallahi har yau ina kewar gonakin nan.