Tudun Kaya: Gidan Da Ruwa Ke Aiki Sau Biyu

'Yar'uwa, idan kika tashi daga Kano a watan Afrilu kika bi hanyar Gwarzo, kika wuce Rimin Gado, sannan kika karkata kudu zuwa ƙasar Karaye, abin da zai fara cika miki ido shi ne fari. Gonakin masara da dawa duk an share su ana jiran ruwan farko, ƙura na bin bayan kowane babur. A irin wannan lokaci na je Tudun Kaya, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Karaye, barkar haihuwar surukar gwaggona.

A wannan ƙaramar hukumar ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992, mai iya riƙe ruwa sama da mita kubik miliyan 900, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwanta na gangarawa ya wuce ta kudancin birnin Kano, ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Sai dai ruwan dam daban, ruwan randa daban. A gidan Gwaggo, da bazara ta kama rijiya kan ja baya har guga ya riƙa fitowa da laka, yara su kama zirga-zirgar burtsatse da jarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum na buƙatar aƙalla lita 20 a rana don sha, girki da ɗan tsafta. Gida mai mutum goma ke nan lita 200, wato jarka takwas mai cin lita 25, kowace rana. Wanda ya ɗauko su a ka ba ya zubar da ruwa da wasa.

Shi ya sa na yi turus da na shiga gidan. Waje ko'ina ya bushe, amma cikin gida ga ayaba, ga gwanda biyu, ga lemun tsami, ga zogale a jere jikin katanga, duk kore shar. Da na bi sawun danshin sai na ga rariyar banɗakin wanka ce ke shayar da ayabar. Nan take aikina ya motsa, na ce, "Gwaggo, wannan ai ƙazanta ce a tsakar gida."

Ta dube ni ta yi dariya. "Ke 'yar nan, a asibitinku aka hana ayaba shan ruwan wanka? Zo ki gani."

Ashe ruwan gidan kowanne da inda yake zuwa. Ƙasari, ruwan da aka wanke tsaba da shi, na awaki ne. Alwala kuwa a gindin lemun tsami kowa ke yi, a kan wani faffaɗan dutse, sau biyar a rana itacen na samun rabonsa. Ruwan wanke-wanke ana tace shi da tsohon kwando, kaji su ci guntun tuwo, ruwan ya tafi gindin gwanda. Ruwan wanki na farko, mai kumfar omo, da shi ake yayyafa tsakar gida kafin shara, na ɗauraya ne kaɗai ke zuwa wurin zogale. Rariyar wankan kuwa, maimakon ta huda katanga ta fita titi, an juyo da ita cikin wani rami mara zurfi da aka cika da tsakuwa da yashi da gawayi, aka rufe da ƙaiƙayi. Na sa hannu na ɗaga ƙaiƙayin: ƙasa a jiƙe, amma babu ruwan da ya kwanta, babu wari.

Gwaggo ba ta taɓa jin kalmar sodiyam ba, amma ta san omo na ƙona shuka. Gaskiyarta ce, gishirin da ke cikin garin sabulu yana taruwa a ƙasa ya daskarar da ita, saiwa ta kasa shan ruwa. Kuma ramin nata ya fi kwatamin da muke haƙawa a bayan katanga lafiya nesa ba kusa ba, domin sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma kawai yake buƙata a ruwan da ya kwanta.

To amma ban dawo ba tare da na yi aikina ba. A bayan madafi na tarar da wani duro da jikan Gwaggo ke tara ruwa a ciki don ɗan fangalinsa na latas da alayyafo. Ruwan ya kwana uku, ya yi baƙi, kuma tun da aka haihu har ruwan wankin tsumman jariri ake juyewa a ciki. Da gwangwani mai huji yake fesa shi a kan ganyen, latas ɗin kuma ɗanye za a ci. Gabana ya faɗi, don na san yadda yaro mai gudawa ke zuwa mana, ido ya faɗa, ana neman jijiyar da za a sa ƙarin ruwa ana rasawa. Taifot da kwalara duk ta wannan hanya suke bi, daga kashi zuwa baki. Ga kuma mai jego a gida.

Na zaunar da su na faɗa musu abin da zan faɗa miki yanzu, wanda ya dace da ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 kan amfani da irin wannan ruwa. Kada ya kwana a ajiye, ranar da aka samar da shi a ba shuka. A zuba a gindi, kada ya taɓa ganye. A ba itatuwa da abin da za a dafa, ban da latas, kabeji, karas da duk abin da ake ci ɗanye. Ruwan tsumman jariri, na wankin kayan mara lafiya, na jinin nama da wanda aka sa wa bilic, wurinsu masai. Ramin shayarwa ya yi nesa da rijiya, kuma wanda ya yi ban ruwa ya wanke hannu da sabulu.

Gwaggo ta saurara har na gama, sannan ta sa aka kifar da duron a masai, aka tuge latas ɗin, yaron na ƙunƙuni. Ta ce masa ya shuka kuɓewa a wurin. Ni kuma ta ce, "Yau dai karatunki ya yi rana."

Ranar da zan tafi aka yi mana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli daga bishiyoyin jikin katanga, mai jego ta ci ta ƙara. Gwaggo ta saro min reshe biyu ta ɗaure da tsumma. Suna nan na dasa su a gidana a Kano, kusa da inda muke alwala, ɗaya har ya fara toho. Idan kina da ɗan fili ko da taku uku ne, ki fara da ruwan alwala da na ɗauraya, su ne mafi sauƙi kuma mafi tsafta. Sauran ki bi su a hankali, kina duba inda kowanne ya fito kafin ki yanke inda zai tafi.