Tsohuwar Motar Amurka: Kama da Wane Ba Ta Wane

Ina cikin mutanen da sha'awar tsofaffin ƙananan motocin Amurka ta kama, kuma abokan aikina a jami'a kan yi mini dariya a kan haka. Waɗannan motoci sun bayyana ne da samfurin 1960, lokacin da manyan kamfanonin Detroit suka ga Volkswagen na cinye musu kasuwa. Ford ya fito da Falcon, Chrysler ya kawo Valiant, Chevrolet kuma ya ƙera Corvair. A nawa ra'ayin, mai son sayen ɗayansu a yau ya fara da tambayar giyabos da kayan gyara kafin ya dubi fenti, domin a nan kuɗinsa za su tsira ko su salwanta.

Mu ɗauki Valiant da 'yar'uwarta Dodge Dart. Injinsu mai silinda shida, wanda ake kira Slant Six saboda a karkace yake zaune, ya yi suna wajen juriya, haka ma giyabos ɗinsu na atomatik, TorqueFlite 904, mai giya uku. Matsalar ita ce bakin da ke haɗa shi da inji a jikinsa aka zuba shi, ba a kwance shi. Saboda haka 904 na inji mai silinda shida ba zai hau V8 ba, duk da sunansu ɗaya. Bugu da ƙari, har zuwa 1964 da maɓallai ake sauya giya, a 1965 aka koma sanda mai jan waya, daga 1966 kuma aka yi amfani da sandunan ƙarfe. Wanda ya sayi giyabos bai tambayi shekara ba, ya sayi nauyi ne kawai.

Falcon ma tana da nata tarkon. Injinan V8 na farko, wato 260 da 289 na fari, ƙusoshi biyar ke ɗaure su da giyabos, amma a cikin 1964 Ford ya mayar da su shida. Sannan mai silinda shida noti huɗu take da shi a kowace taya, mai V8 kuma biyar. Duk wanda ya ɗora babban inji a kan ƙaramar, dole ya sake birki da gatarin baya, in ba haka ba ya saka rayuwarsa cikin haɗari. Sa'ar Falcon ita ce a kan gininta aka yi Mustang a watan Afrilun 1964, don haka har yau ana ƙera sababbin kayan da suke tarayya a kai. Corvair ba ta sami wannan gata ba: injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, kuma kaɗan ne daga kayanta ke shiga wata mota.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan gida. Da inci aka auna ƙusoshin motocin nan, alhali sifanun yawancin makanikanmu na milimita ne. Har ila yau, Chrysler ya yi notocin tayoyin gefen direba da zare na hagu har zuwa 1970. Makanikin da bai san haka ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi, har ƙusar ta karye.

Shawarata ga mai niyya ita ce kada ya dogara da takarda ko bakin dillali. Motar da ta haura shekara hamsin ta ratsa hannaye da yawa, kuma mai yiwuwa injin da ke cikinta ba shi ne ta fito da shi ba. Ya karanta lambobin da ke jikin inji da giyabos, ya ƙirga ƙusoshi da idonsa, ya tabbatar ana samun kayanta kafin ya biya. Idan mai sayarwa ya hana a leƙa ƙarƙashin motar, to cinikin ya ƙare ke nan.