Wasiƙar da ta kwana huɗu a zaure

Ranar wata Litinin da hantsi ina tsaye gaban allo, darakta ya leƙo ta taga ya yafuto ni. Da na fito sai ya rage murya ya ce, "Mushe, an kira ni daga ofis. Sun ce sunayen yaranmu ba su iso ba." Na ce ai tun ranar Alhamis na aika, da hannuna. Ya ce, "To, su dai ba su gani ba, kuma jibi Laraba za su rufe."

Sunayen da yake nufi na ƴan ajin CM2 ne, su 46, masu shiga jarrabawar satifika, wato CFEPD, wadda aka dawo da ita a 2024 bayan ta yi shekaru a ajiye. Duk malamin firamare a Nijar ya san abin da ke biyo baya in sunan yaro bai shiga ba: shekara ta wuce shi. Namiji yakan maimaita aji. Mace kuwa, a ƙauyukan da ke kewaye da Matameye, sau da yawa ba ta dawowa. Cikin 46 ɗin akwai bakwai da ba a yi musu takardar haihuwa tun suna jarirai ba, sai da iyayensu suka yi ta zirga-zirga wurin shari'a kafin su samo. Ni na ɗauki hoton takardun bakwai da wayata na haɗa da jerin sunayen. Mahaifin wata yarinya daga cikinsu, manomin rake ne, sau uku yana zuwa lakwal yana tambayata ko an gama, ina ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Ba don na fi kowa sani aka ɗora mini aikin kwamfuta ba. A makarantar horar da malamai ta Damagaram alli da shirya darasi muka koya. Ni dai ne ba na tsoron taɓa ta. Tsohuwa ce ta kan tebur, tana ofishin darakta, intanet ɗinta kuma daga wayata take ja. Manhajar da muke aika wasiƙa da ita Thunderbird ce, ta kyauta. Ofishin da ke jiran saƙon bai fi tafiyar minti goma a babur ba, amma sun ce ta imel suke so, don kwanan wata ya zama shaida, su kuma tura gaba ba tare da sake bugawa ba.

Da aka tashi yara na kunna kwamfutar. Wasiƙu suna shigowa lafiya lau, har da wadda ta zo da safiyar ranar. Abin da ya ruɗe ni ke nan, don a tunanina hanyar da ta kawo ita za ta kai. Na duba jakar wasiƙun da aka aika, tawa ba ta ciki. Na duba ko'ina. Can ƙasa, cikin wata jaka da ban taɓa buɗewa ba, mai suna Messages en attente, na same ta zaune da hotunanta bakwai, kamar ɗan aiken da aka ba saƙo ya fita zaure ya shimfiɗa tabarma.

Na kira wani tsohon ɗalibina da ke karatu a jami'ar Damagaram. Na fara zuba masa bayani, ya katse ni cikin ladabi.

"Mushe, da kuka kunna, ba wani ɗan akwatin rubutu da ya fito?"

"Ya fito. Na rufe shi."

"Me ya ce?"

Na yi shiru. Tun Juma'a akwatin nan yake fitowa, ina latse shi kamar mai korar ƙuda. Shekara 19 ina gaya wa yara su karanta tambaya har ƙarshe kafin su ɗora biro, shi kansa wannan yaron ya sha jin haka daga bakina. Bai tuna mini ba. Na dai ji ƴar dariya a muryarsa da ya ce mu sake kunnawa in karanta masa.

Akwatin tambaya yake yi: akwai saƙon da ke jira, a aika shi yanzu? Ashe ranar Alhamis rezo ya ɗauke ina cikin rubutu, manhajar ta koma aiki ba intanet, maɓallin aikawa ya zama na "aika daga baya". Na danna, wasiƙar ta ɓace daga gabana, na tashi na tafi sallar la'asar da zuciya ɗaya. Kwamfutar ba ta yi mini ƙarya ba. Kwana huɗu tana neman izinina ina hana ta.

Na ce a aika. Sai wani akwatin ya fito, wannan karon na karanta shi harafi-harafi: an ƙi kalmar sirri. Na ce wa yaron ba zai yiwu ba, ga wasiƙu suna shigowa. A nan ya yi mini darasin da nake ganin ya kamata kowane malami mai riƙe da imel ɗin lakwal ya ji. Imel ƙofa biyu gare shi. Ta shigowa daban, ana kiran tsarinta IMAP ko POP. Ta fita daban, ita ce SMTP, tsarin da aka kafa tun 1982, ya girmi da yawa daga malaman da muke aiki tare. Manhajar tana ajiye makullin kowace ƙofa a wurinsa. Darakta ya canza kalmar sirri lokacin hutu, an sa sabuwar a ƙofar shigowa, ta fita kuwa tana nan da tsohuwa, don tun daga lokacin duk aike-aikenmu ta WhatsApp muke yi. Ya kuma sa na buɗe saitin ƙofar fita na karanta masa lambarta. 587 ce, ya ce daidai ne, 465 ma ana amfani da ita, sai dai in ka ga 25 ka yi hattara, don kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza. Ya ce kada in taɓa komai a wurin sai na ɗauki hotonsa tukuna. Na ga hikimar haka, don na san halina, da na yi ta canza lambobi har in manta yadda na same su.

Na sa sabuwar kalmar. Layin aikawa ya fara rarrafe, har na fara hamdala, sai akwati na uku: saƙon ya yi nauyi. Wannan ya ba ni haushi, domin na san manyan gidajen imel irin su Gmail da Yahoo iyakarsu megabait 25 ce, namu ma haka, hotunana kuwa bakwai ne, kowane megabait 3. Ko ɗan CE2 zai ce maka 21. Yaron ya ce lissafin daidai ne, amma tun asali haruffa aka gina imel ya ɗauka, don haka sai an mai da hoto haruffa kafin ya bi hanya, kuma duk ma'auni uku yakan zama huɗu. Na ɗauki alli na rubuta a bakin tebur. 28. Na wuce iyaka da uku.

Sauran ba wuya. Na aika jerin sunayen shi kaɗai, ya fita kafin in ƙifta ido. Hotunan na raba su wasiƙa uku, na sa adireshina a kowace don in ga saukarta a wayata, na kuma leƙa jakar waɗanda aka aika na ƙirga. Duk da haka ban yarda ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, sai na hau babur na tafi ofishin, na tsaya a kan ma'aikacin har ya buɗe ya nuna mini sunaye 46 da takardu bakwai. Ya tambaye ni me ya tsai da su tun Alhamis. Rezo ya zo bakina, kuma da na faɗa ba wanda zai musa, don kowa a garin nan ya san halinsa. Na haɗiye na ce ban karanta abin da aka rubuta mini ba ne.

Ranar Laraba da yamma manomin nan ya sake zuwa, da sanda biyu na rake ɗaure a bayan kekensa. Ya ce, "Malam, an dace?" Na ce an dace, sunanta ya shiga. Ya kwance raken ya jingina a bangon aji, ya yi ta sa mini albarka. Na so in gaya masa inda takardar ƴarsa ta kwana huɗu, ban iya ba. Da ya tafi na kira yaran da ke share fili, na sa aka yanyanka aka raba musu.