Faɗuwar Gaba Ba Gaira Ba Dalili

A Kagara ta ƙasar Goronyo akwai wani manomin albasa, ƙaƙƙarfan mutum, ba a san shi da ragwanci ba. Cikin watan Satumba na 2010, sa'ad da Gulbin Rima ya cika ya tumbatsa ya ci garin, shi ne ya yi ta saɓa yara a kafaɗa yana kai su tudu. Ko gezau bai yi ba. Sai da ruwa ya janye, rani ya shiga, ran nan yana ban ruwa a fadama, babu hadari, babu kowa, sai gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta kama dukan uku-uku, gumi ya keto masa, numfashi ya ƙi isarsa, yatsu kuwa kamar ana tsira musu allura. Ya yi kalmar shahada, ya sakankance ajali ne. Kafin a tafasa shayi abin ya wuce.

Bayan mako biyu ya komo masa a kasuwa. Matarsa ta ce, "Malam, ko dai gamo ka yi a fadamar nan?" Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ya daina zuwa fadama, albasa ta bushe, sa'an nan ya daina zuwa kasuwa. Da ƙyar wansa ya ja shi zuwa asibiti. Malamin asibiti ya auna jininsa, ya saurari ƙirjinsa, ya dubi wuyansa, domin ciwon zuciya da na maƙoƙo su ma suna sa bugun zuciya. Ya ce, "Baba, zuciyarka lafiya lau take. Ɗan gadinka ne ya ruɗe."

To, mai karatu, ga ma'anar wannan magana. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, aikinsa gadi. In ya hangi haɗari, ba ya jiran shawara, sai ya aika wa waɗansu ƙulluttai biyu da ke bisa ƙoda. Su kuma su zuba wani sinadari cikin jini, sunansa adiranalin. Nan take zuciya ta ƙara sauri don ta kai jini ga ƙafafu da damatsa, huhu ya ƙara jan iska, watau jiki ya shirya gudu ko kokawa. Wani masani na Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan tun 1915. Wannan shiri shi ya ba manomin nan ƙarfin ɗaukar yara ran ambaliya.

Amma ɗan gadin da ya taɓa ganin bala'i yakan zama mai saurin ihu. Gajiya, rashin barci, yawan goro da shayi, ko ƙarar ruwa kawai, sun isa ya buga ƙararrawa alhali babu ɓarawo. Jiki ya yi shirin gudu, babu abin gudu. Numfashin nan na sauri yakan fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ke kawo jiri da zugin yatsu. Mutum ya ji haka ya ce mutuwa ce, tsoro ya ƙaru, a ƙara zuba sinadarin. Ashe tsoron abin ne ke yi masa fifita. Ga al'ada cikin minti 10 yake kai ƙarshen ƙarfinsa, sa'an nan ya sauka, kuma shi kaɗai ba ya kisa. Masu irinsa kuwa ba su yi kaɗan ba a ƙasar da 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo a 2021. Wanda nasa ya yi tsanani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma zuwa can ba shi ne hauka ba.

Malamin ya ce masa ya rage goro, kuma ya koma fadama, don gudun wurin ƙara koya wa ɗan gadi tsoro yake yi. Ya koma da wansa. Rana ta uku abin ya taso. Ya zauna a bakin kwami, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi sannu sannu, yana ƙirgawa. Wansa ya ce, "Mu tafi gida?" Ya girgiza kai. Da ya lafa sai ya miƙe, ya ɗauki fartanya, ya buɗe wa fangali na gaba ruwa.