Hular NY da Yaya Ya Aiko Min

Yau dai ku kwantar da hankalinku, babu sanarwar taro, babu tunin kuɗin wata. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Juma'a, na ga gara in rubuta shi ko na samu sauƙi.

Daga masallaci zuwa gida, a nan Agege, na ƙirga hular nan mai tambarin NY a kan mutum 11. Mai Keke, mai shayi, yaro mai tallar ruwa, har da wani dattijo da ya ɗora ta a kan babbar riga. Na tsayar da yaron na ce me NY ɗin ke nufi. Ya ce, "Baba, ai sunan kamfanin hular ne." Ban yi masa dariya ba, domin ni ma haka na ɗauka shekaru da yawa, lokacin da muke tsintar irinta a gwanjon Katangowa. Alhali tambarin ƙungiyar wasan besbol ne ta birnin New York a Amurka, sunanta Yankees, filinta kuma yana unguwar Bronx.

Wanda ya sanar da ni wannan shi ne yayana, Allah ya jiƙansa. Ya ci bizar caca ya tafi Amurka a 1998, ya zauna a Bronx yana tuƙa tasi. Saƙon farko da ya aiko mana ta hannun wani mai dawowa gida, akwai atamfa ta Inna, akwai agogo, sai hula baƙi-baƙi mai shuɗi-shuɗi da ya ce tawa ce. Da muka yi waya ya ce, "Wannan ta ainihi ce, a bakin filin na saya. Ka san ko su waye?" Na ce ban sani ba. Ashe na buɗe wa kaina ƙofar da ba za ta rufu ba sai bayan shekara 22.

Yaya bai taɓa riƙe sandar besbol ba. Aiki ne ya haɗa shi da wasan. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, rabi a gida, kuma duk daren da aka tashi daga fili dubban mutane ke neman mota. Tsofaffin da yake ɗauka su ne malamansa, sai rediyon mota. Yadda ya bayyana min wasan kuwa a taƙaice ne: wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da sanda ya zaga kusurwa huɗu da gudu kafin a cafke ta. In ya doke ta ta haye katangar fili, ya zaga abinsa a tsanake, babu mai tare shi. Wannan shi muke kira bugun haye-katanga ni da shi.

Abin da ya fi burge shi shi ne 'yan Yankees ba sa rubuta sunan ɗan wasa a bayan riga, lamba kawai. In ɗan wasa ya yi fice sosai, sai a jingine lambarsa, babu mai sake sa ta har abada. Yanzu daga 1 zuwa 9 babu wadda ta rage. Yaya ya haddace su kamar yadda muke haddace sunayen kakanni, ya riƙa yi min jarrabawa a waya. "Uku?" In ce Babe Ruth. "Huɗu?" Lou Gehrig. "Biyar?" Joe DiMaggio, wanda ya yi wasa 56 a jere a 1941 bai fita fili ba tare da ya samu bugu mai kyau ba, kuma har yau ba a kamo shi ba. "Bakwai?" Mickey Mantle. "Takwas?" Nan yake kama ni, domin mutum biyu aka jingine wa takwas, Bill Dickey da Yogi Berra, ni kuma kullum sai na manta Dickey.

Labarin Ruth shi ne wanda ya fi ba shi dariya. Ƙungiyar Boston Red Sox ce ta sayar wa Yankees shi a ƙarshen 1919 a kan dala 100,000. Mutumin ya zo ya yi bugun haye-katanga 60 a shekarar 1927 kaɗai, ya gama wasa da 714. Tsohon filin da aka buɗe a 1923 har laƙabi aka yi masa, gidan da Ruth ya gina. Boston kuwa, tun kofin da ta ci a 1918 ba ta sake ganin wani ba sai 2004, shekara 86. Yaya ya kan ce wannan shi ne a sayar da akuya ta dawo tana cin danga. Lambobin ma da dalili: a 1929 da aka fara sa su, Ruth ne na uku a layin masu duka, Gehrig na huɗu, shi ya sa suka samu 3 da 4.

Amma gwaninsa na zuciya Gehrig ne. Ɗan baƙi ne, iyayensa daga Jamus suka zo New York, uwarsa tana aikatau. A watan Yuni na 1925 aka sa shi a gurbin wani mai suna Wally Pipp, wanda ake cewa ciwon kai ne ya sa ya nemi hutun kwana ɗaya. Pipp bai sake samun gurbin nan ba. Gehrig ya buga wasa 2,130 a jere, kusan shekara 14 babu fashi, har aka yi masa laƙabi da Dokin Ƙarfe. Da Yaya ya fassara min laƙabin na ce ai mu a wajenmu dokin ƙarfe keke ne, muka yi ta dariya har katinsa ya ƙare. A watan Mayu na 1939 Gehrig da kansa ya je ya ce a cire shi, jikinsa ya daina yi masa biyayya. Wata cuta ce mai kashe jijiyoyin motsi, wadda har yau a Amurka ake kiranta da sunansa. Ranar 4 ga Yuli na shekarar ya tsaya a tsakiyar fili ya yi ban kwana, ya shaida wa jama'a cewa yana ganin kansa a matsayin wanda ya fi kowa sa'a a duniya. Ya rasu a 1941 yana da shekara 37. Lambarsa ce ta farko da aka taɓa jinginewa a manyan ƙungiyoyin besbol.

A nan ne zan faɗi laifina. Shekara 22 Yaya ya yi a can, sau biyu kacal ya zo gida. Duk lokacin da na ce ya zo, sai ya ce, "Ka tuna Wally Pipp. In na ajiye motar nan wata ɗaya, wani ne zai hau." Ni kuwa abin yana ƙona min rai. Da Inna ta kwanta ciwon ajali ya kira yana tambayar jikinta, daga nan, wataƙila don ya rage min nauyin zuciya, ya soma wani labarin wasa. Na katse shi na ce, "Yaya, mahaifiyarka na kwance, kai kana ba ni tarihin matattun Turawa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka yi haƙuri." Daga ranar bai ƙara yi min jarrabawar lambobi ba, ni kuma girman kai ya hana ni in ce ya ci gaba.

A watan Afrilu na 2020, lokacin da korona ta yi wa New York kaca-kaca, ta ɗauke shi. A can aka binne shi, ban ga gawarsa ba, ban san kabarinsa ba sai a hoto. Bayan sadakar bakwai na ɗauko littafin da nake rubuta kuɗin da yake aikowa, domin ni ke karɓa in raba. Na bi shi shafi-shafi. Tun daga watan da ya samu aiki har watan da ya kwanta, babu wata ɗaya da ya tsallake. Kuɗin asibitin Inna a ciki, kuɗin diflomata a ciki, sadakin aurena a ciki. Sai a lokacin na gane abin da yake gani a jikin mai lamba huɗu, na kuma gane me zai faru da mu da ya ajiye motar kamar yadda na yi ta matsa masa.

Akwai wasu labaran nasa da sai yanzu nake jin daɗinsu. Ya kan ce kada in ɗauka ƙungiyar ba ta da tabo. Jackie Robinson ya karya shingen wariyar launin fata a 1947 da ƙungiyar Brooklyn Dodgers, amma Yankees ba su saka baƙar fata a fili ba sai 1955, da Elston Howard, wanda ya zo ya zama gwarzon shekara na rukuninsu a 1963. Sai Mariano Rivera, ɗan masunci daga ƙasar Panama, wanda yana yaro da kwalin madara suke yin safar cafe ƙwallo. Aikinsa shi ne ya shigo a ƙarshen wasa ya tsare nasarar da aka samu, ya yi haka sau 652. A 1997 aka jingine lamba 42 a dukan ƙungiyoyi don girmama Robinson, aka bar waɗanda ke sanye da ita su ƙarasa, Rivera ne na ƙarshe, ya ajiye ta a 2013. Ina tuna wata asuba a Nuwamban 2009, na fito daga masallaci wayata ta yi ƙara, Yaya yana ihu ana ta hon a bayansa. Sun doke Philadelphia sun ci kofi na 27, Rivera ne ya yi jifan ƙarshe. Har yau ba su ƙara wani a kai ba.

Yaya ya bar ɗa namiji da aka haifa a can. Bayan rasuwar nakan kira shi, mu gaisa, in tambayi karatu, ya ce lafiya, sai shiru. Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" ba, kuma ko da Turancin babu abin da za mu ce wa juna. Na fara jin tsoron zumuncin zai mutu a hannuna. Wata rana shirun ya yi tsawo, kawai na ji bakina ya ce, "Huɗu?" Yaron ya ɗago ya dube ni ta cikin waya ya ce, "Gehrig. Baffa, kai ma ya yi maka?" Ashe tun yana ƙarami haka uban ke yi masa a mota. Mun fi awa ɗaya a waya ranar.

Yanzu mun yi yarjejeniya. Duk Lahadi ya ba ni ɗan wasa ɗaya, ni kuma in ba shi mutum ɗaya daga danginsa, da Hausa, in ya kasa ganewa in maimaita. Ya ba ni Roger Maris mai bugu 61 a 1961, da Aaron Judge da ya wuce shi da 62 a 2022. Na ba shi kakansa da fataucin goro ya kawo Agege, da kakarsa mai ƙosai a bakin tasha. A Fabrairun 2025 ya turo min labarin cewa Yankees sun sassauta dokarsu ta hana 'yan wasa barin gemu, wadda ta kusa shekara 50. Ubansa ya sha cewa gemunsa ne kaɗai ya hana su ɗaukarsa. Mu biyun mun san wannan barkwancin, kowa ya ji shi a nahiyarsa.

Hular tana nan rataye a ƙusa a ɗakina, ta koɗe, bakinta ya tsage. Lahadi mai zuwa yaron zai ba ni Yogi Berra da kofunansa 10, ni kuma na yi niyyar in ba shi labarin littafin kuɗin nan, domin bai san da shi ba. Wanda duk ke da ɗan uwa a nesa mai yawan ba shi labarin da bai dame shi ba, don Allah ya bar shi ya ƙarasa.

Allah ya jiƙan Yaya da Inna da dukan magabatanmu, ya sa Aljanna ce makomarsu. Ina roƙon wanda ya karanta ya sa su a addu'a.