Wasiƙa daga Marakesh: Hawan Dutsen Tubkal

Marakesh, Maroko

Yaya,

Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai lafiya lau, karatu na tafiya. Saƙonka ya isa: na je kabarin Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa, kusa da ƙofar Bab Ailan, na yi muku addu'a.

Ka tambaye ni a waya me ya kai ni kan dutse, alhali ba kiwo nake yi ba, ba farauta ba. Amsar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Idan gari ya yi garau, daga cikin Marakesh ana hango duwatsun Atlas ta kudu, kawunansu fari fat da dusar ƙanƙara. Mafi tsawonsu shi ne Tubkal, mita 4,167, babu wanda ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Chappal Waddi na gandun Gashaka Gumti a Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, sai ka auna. Tun 1942 aka keɓe yankin Tubkal ya zama gandun daji na ƙasa.

Mun shiga motar haya da abokan karatu, muka bi ta Asni zuwa Imlil, tafiyar kimanin kilomita 65. Nan kwalta ta ƙare. Mutanen wurin Amazig ne, dangin Buzayenmu ta wajen harshe, har rubutun Tifinag za ka gani a allunan hanya. Sun sassaƙa jikin dutse hawa-hawa sun yi gonaki, sun jawo ruwan ƙanƙarar da ta narke ta ƙananan magudanai yana bi gona-gona, tuffa tana 'ya'ya a inda kai za ka rantse ko ƙaya ba za ta tsiro ba.

Ba a barin kowa ya hau Tubkal shi kaɗai. Tun da aka kashe wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido, 'yar Denmak da 'yar Norwe, a Disamban 2018, hukuma ta wajabta ɗaukar ɗan jagora mai lasisi, jandarmomi kuma suna rubuta fasfon duk wanda ya wuce. Jagoranmu ɗan ƙauyen Armed ne, dattijo marar yawan magana. Kayanmu alfadari ya ɗauka, mai alfadarin yana biye da shi da takalmin roba, yana tafe kamar a tsakar gidansu.

A tsakiyar hanya akwai wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa, ana kiran wurin Sidi Shamharush. I, Shamharush ɗin da kake ji a bakin masu maganar aljanu. Mutane na zuwa neman waraka, har da yanka. Ni dai shayin na'a-na'a na sha a rumfar da ke gefe, muka wuce. Daga nan itatuwa suka ɓace, sai duwatsu tsirara da awaki. Da la'asar muka isa masaukin mahaya, a mita 3,207. Ruwan alwala ya sa yatsuna suka daina jin komai. Muka yi ƙasaru, muka ci tajin mai zafi, muka kwanta a gadaje masu hawa biyu tare da mutanen Faransa da Sifen da Japan.

Tun kafin asuba aka tashe mu, kowa da fitila ɗaure a goshi. Yaya, nan ne aikin yake. Hanyar tsakuwa ce mai zamewa, ka taka sau uku ta dawo da kai ɗaya. Ga iska ta yi ƙaranci, domin a irin wannan tsawo abin da huhu ke samu bai wuce kashi 60 da ɗoriya cikin 100 na abin da yake samu a bakin teku ba. Kai na sarawa, zuciya na bugawa har cikin kunne. Jagoran bai yarda kowa ya yi sauri ba. Ya sa mu ƙananan taku, shan ruwa a kai a kai, da dabino a aljihu. Wani saurayi ƙaƙƙarfa ya fara amai da jiri, nan take aka juya da shi ƙasa, don maganin wannan ciwon sauka ne kawai. A ƙololuwa akwai wani ƙarfe mai siffar dala da aka kafa. Na tsaya ina haki, duwatsu jere a ƙarƙashina iyakar ganin ido, ta kudu kuma ƙasa ta miƙe ja wajen Sahara, hanyar da fatake suka riƙa bi zuwa Tumbutu. Tasbihi ne kawai ya zo bakina.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai a wajen saukowa na gan shi. Na yi ta lissafin masu ci daga dutsen nan: ɗan jagora, mai alfadari, mai dafa abinci, mai ba da hayar takalma da sanduna, mai matse lemo a bakin hanya, matan da ke saƙa darduma, mai gidan baƙi, direban tasi. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba, 2023, wadda ta kashe mutum sama da 2,900, a wannan lardi na Al Hawuz ta fi ɓarna, har yanzu akwai gidajen da suka tsattsage. Jagoranmu ya ce dawowar masu hawa ce ta sa mutane da yawa suka iya mayar da rufin ɗakunansu.

Sai duwatsun Eggon suka faɗo mini. Sau nawa muka wuce su a mota tsakanin Lafiya da Akwanga, ba mu ko ɗaga kai ba? Mutanen Eggon sun zauna a kansu shekaru aru-aru kafin su sauko, su ma sun yi noma hawa-hawa a jikin dutse, kuma akwai dattawan da suka san kowace hanya da kowane marmaro. Ga Farin Ruwa a Wamba, ruwa na zubowa daga tsawon kimanin mita 150. Wallahi ban ga abin da ya fi shi kyau a nan ba. Na san za ka ce tsaro, kuma gaskiyarka, babu mai hawa dutse yana waiwayen masu garkuwa da mutane. Amma su ma nan an zubar da jini a kan hanyarsu, ba su rufe ta ba. Suka sa rajista, suka sa 'yan ƙauyen su zama masu jagora, wanda abincinsa ke kan hanya kuwa shi ne farkon mai tsaron ta. Yana ba ni takaici in ga samarinmu sun gama Jami'ar Tarayya ta Lafiya suna zaune, alhali aiki na tsaye a kan hanyar Akwanga.

Don haka ina da roƙo. In Allah ya kawo ni hutu da sanyin hunturu, kafin zafi ya sauko, ka nemo mana wani ɗan Nasarawa Eggon da ya san hanyar sama, mu nemi izinin mai garin, mu biya shi haƙƙinsa yadda ya kamata. Mu tafi da manyan yaranka. Takalmi mai kauri da gorar ruwa sun ishe su.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida matarka da yara da mutanen unguwa. In ka sami mai zuwa, a aiko mini da riɗi da agushi.

Wassalam.

Ƙaninka